Daga Reshen Darbejiya Zuwa Bangon Duniya: Tarihin Eriyar da Ake Haɗawa da Hannu

Gabatarwa

Waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a gida daga cikinmu, kafin neman ilimi ko neman abinci ya kawo mu birni, ba za su manta da wata siririyar waya ba, wadda kan fito ta tagar zaure, ta haye katanga, ta je ta maƙale a reshen darbejiya ko a kan dogon gora. Ɗaya bakin nata kuwa yana naɗe a jikin eriyar akwatin rediyon maigida. Da yawa daga cikinmu an sa mu hawa bishiya mun ɗaura ta, wasunmu ma sun sha faɗa ranar da suka tsinke ta garin wasan ƙwallo. A wancan lokaci ba mu san dalilin da ya sa muryar Landan ko ta Kolon ke washewa da zarar an ɗaga wayar nan sama ba. Abin da muka sani kawai shi ne, idan waya ta faɗi, majalisar dare ba ta armashi.

Wannan waya da muka raina tana da tarihi mai tsawo, kuma tana da dangi a duk faɗin duniya. Fiye da shekara ɗari ke nan wasu mutane a ƙasashe dabam-dabam suna auna waya, suna yankawa, suna ratayawa a bayan gidajensu, suna magana da juna daga wannan nahiya zuwa waccan ba tare da sun biya kowa ko sisin kwabo ba. A wannan maƙala za mu bi sawun yadda abin ya faro, da yadda ya bunƙasa, da kuma inda ya haɗu da namu tarihin.

Su Wane Ne 'Yan Rediyon Sha'awa?

Ya kyautu tun farko mu bambance tsakanin mai sauraro da wanda ake kira ɗan rediyon sha'awa. Iyayenmu masu sauraro ne, akwatinsu kama magana kawai yake yi. Shi kuwa ɗan rediyon sha'awa mutum ne da ya koyi ilimin rediyo, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira, a mafi yawan ƙasashe ma sai ya ci jarrabawa, sannan ya kafa 'yar ƙaramar tasha a ɗakinsa yana zantawa da takwarorinsa na nesa. Doka ta hana shi neman kuɗi da tashar, ta kuma hana shi watsa kiɗa ko talla. Ribarsa ita ce ilimi, da zumunci, da taimakon jama'a a ranar da sauran hanyoyin sadarwa suka yanke.

Lambar kira ita ce sunan kowace tasha, kuma farkonta ke nuna ƙasar mai ita. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Chadi TT, ta Sudan kuwa ST. A cikin wannan zumunci babu sarki babu talaka. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da lamba JY1, marigayi Rajiv Gandhi na Indiya kuma VU2RG, kuma duk wanda ya ci karo da su a iska da lambar nan yake kiransu.

Na'urar aikawa da kamawa ana iya sayenta a kanti. Amma eriya, har yau da yawa daga cikinsu da hannunsu suke haɗa ta, domin sun daɗe da gane cewa ƙaramar na'ura mai kyakkyawar eriya ta fi babbar na'ura mai gurguwar eriya kai magana nesa.

Waya Biyu a Jamus, Waya Ɗaya a Kanada

Eriya ta farko a tarihi haɗin hannu ce. Tsakanin shekarar 1886 da 1888, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya miƙe wayoyi biyu baki da baki a ɗakin gwajinsa da ke birnin Karlsruhe, ya bar ɗan gibi a tsakaninsu. Da ya sa tartsatsin lantarki ya tsallaka gibin, sai wani ɗan ƙaramin tartsatsi ya bayyana a jikin wani zoben waya da ya ajiye can gefe, alhali babu abin da ya haɗa su. Ta haka ya tabbatar da cewa ƙarfin lantarki yana iya barin waya ya ratsa sarari. Hertz ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai ga abin da wayoyinsa suka haifar ba.

Wanda ya mayar da gwajin ya zama abin amfani shi ne Guglielmo Marconi, ɗan ƙasar Italiya. A 1895, yana ɗan shekara 21, ya lura a gidan mahaifinsa kusa da birnin Bologna cewa idan ya ɗaga waya ɗaya sama, ya kuma haɗa ɗaya ɓangaren na'urar da ƙasa, saƙonsa na ƙara nisa, har ya kai fiye da kilomita biyu ta bayan tudu. Wannan dai ita ce dabarar da iyayenmu suka yi amfani da ita daga baya, ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

A 1901 Marconi ya ƙuduri aniyar tsallaka da saƙo Tekun Atlantika. Ya kafa dogayen turaku 20 a Poldhu, gaɓar tekun Ingila, amma a watan Satumba guguwa ta kwantar da su, sai aka yi maneji da turaku biyu da wayoyi a tsakaninsu. A ɗaya gaɓar kuma, a kan wani tudu da ke garin St. John's na tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada, ba shi da turke ko ɗaya. Sai ya ɗaura waya mai tsawon kimanin mita 150 a jikin wani abin yadi da iska ke ɗagawa, irin jirgin ledar da yara ke saki da zare. Ranar 12 ga Disamba 1901 ya ba da sanarwar cewa ya ji ɗigo uku, wato harafin S a ƙwanƙwasar Mos, daga nisan kusan kilomita 3,500. Wasu masana sun yi tababar wannan ji. Amma a watan Fabrairu 1902 ya sake gwaji a cikin jirgin ruwa, na'ura tana rubuta saƙon a takarda, kuma a nan ne ya lura da abin da kowane mai sauraro a garinmu ya sani, wato rediyo ya fi cin nisa da dare.

Zangon da Aka Raina

Ba a daɗe ba samari a Amurka da Turai suka shiga kwaikwayon Marconi. Suka riƙa warware wayar tsofaffin na'urori suna ratayawa a kan rufin gidaje, har iska ta cika da hayaniyarsu, sojojin ruwa da kamfanoni suka fara ƙorafi. Bayan nutsewar jirgin Titanic a watan Afrilu 1912, majalisar Amurka ta yi dokar rediyo a wannan shekara, wadda ta tilasta wa kowa karɓar lasisi, ta kuma kora 'yan sha'awa zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa. A fahimtar masana na lokacin, dogon zango ne kaɗai ke cin nisa, saboda haka abin da aka bar wa yaran nan tamkar fako ne da ba ya fid da amfani.

Masu iya magana sun ce raina kama ka ga gayya. A 1914 Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafa ƙungiyar ARRL a birnin Hartford, domin 'yan sha'awa su riƙa miƙa wa juna saƙo daga gari zuwa gari. A ƙarshen 1921 ƙungiyar ta aika Paul Godley zuwa Birtaniya ya saurara ko za a ji 'yan'uwansa daga can. A cikin jirgin ruwa ya haɗu da injiniya Harold Beverage, wanda ya ba shi shawarar ya miƙe waya guda ɗaya doguwa, ƙasa-ƙasa, ta fuskanci Amurka. Godley ya kafa tanti a wani fili a Ardrossan ta ƙasar Sikotilan, cikin ruwa da sanyin Disamba, ya miƙe wayar fiye da mita 200 a kan gajerun sanduna, ya kuma ji tashoshin 'yan sha'awa fiye da 20 daga ƙetaren teku.

Daga nan sai suka ci gaba da gangarawa ƙasa. A watan Nuwamba 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz na Amurka a kan kimanin mita 110. A watan Oktoba 1924 kuma Cecil Goyder, saurayi ɗan shekara 18 da ke amfani da tashar makarantar Mill Hill a Landan, ya zanta da Frank Bell, wani makiyayin tumaki a ƙasar Niyu Zilan, nisan kusan kilomita 19,000. Ɗalibi da makiyayi sun yi da waya abin da manyan kamfanoni ke kashe dukiya mai yawa a kansa.

Sirrin abin yana sama. Akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, daga kimanin kilomita 60 har zuwa ɗaruruwan kilomita a bisa kanmu, wanda hasken rana ke haifarwa. Arthur Kennelly da Oliver Heaviside sun yi hasashensa a 1902, Edward Appleton kuma ya tabbatar da shi a ƙarshen 1924. Gajeren zango yakan doki wannan rufi ya dawo ƙasa can nesa, ya sake tashi, har ya zagaya duniya. Da gwamnatoci suka ga haka sai suka dawo suna rububin filin da suka yar. A 1925 'yan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris, ranar 18 ga Afrilu, kuma taron ƙasashe da aka yi a Washinton a 1927 ya keɓe musu zangunan mita 160, 80, 40, 20 da 10. Gajeren zangon da ya kawo mana Landan har zaure, waɗannan mutane na cikin na farko da suka nuna wa duniya darajarsa.

Sirrin Awo

Mun sha jin mai gabatarwa yana cewa a kama su a kan mita 49, ko 31, ko 19, ko 16. Mece ce ake aunawa? Idan aka jefa dutse a kududdufi, ruwa kan yi taguwa zobe-zobe, kuma akwai tazara tsakanin kowane zobe da mai bi masa. Haka ƙarfin rediyo ke tafiya a sarari, da gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma tazarar da ke tsakanin taguwa da taguwa ita ce mitar da ake faɗa. Yawan kaɗawar taguwar a daƙiƙa kuma shi ake aunawa da megahaz, wato kaɗawa miliyan ɗaya. Idan aka raba 300 da yawan megahaz sai a sami mita. Alal misali, Rediyon Kaduna ya daɗe yana watsa shirin Hausa a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, wanda ya ba da mita 49 da 'yan kai.

Duk wanda ya taɓa kallon mai gurmi ko mai garaya ya san cewa tsawon tsirkiya ke yanke irin sautin da za ta yi, shi ya sa makaɗi ke danne ta da yatsa idan yana son ya sauya murya. Haka eriya take. Waya tana amsa taguwa sosai idan tsawonta ya yi daidai da rabin tsawon taguwar. Daga nan aka samo eriya mai hannu biyu, jikanyar wayoyin Hertz, wadda har yau ita ce uwar eriyoyin haɗin hannu. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: a raba 143 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar gaba ɗaya a mita, sai a raba ta gida biyu daidai. An ɗauki 143 maimakon 150 ne domin bakin waya kan sa ta yi aiki kamar ta ɗan fi tsawonta na zahiri. Ga mai son zangon mita 40, a kan megahaz 7.1, wayar za ta kama mita 20 da ɗan ɗoriya, kowane hannu mita 10. Ga zangon mita 20 kuwa, a kan megahaz 14.2, mita 10 ta wadatar, kowane hannu mita 5.

A nan ne wayar iyayenmu ta rabu da ta ɗan sha'awa. Mai sauraro ko wace irin waya ya ɗaga za ta ƙara masa ji. Mai aikawa kuwa, idan awonsa ya kuskure, wani kaso na wutar da ya tura ba zai fita ba, zai juyo ya dawo cikin na'ura, ya ɗumama ta, wani lokaci har ya ƙona ta. Saboda haka suke da wata 'yar na'ura mai nuna yawan wutar da ta dawo, kuma suna bin ƙa'idar tela: a yanka da ɗan rara, a rataya, a gwada, a sauke, a rage kaɗan daga kowane hannu, a sake ɗagawa, har awo ya zauna.

Kowane mai haɗi da irin matsalar da ta sa shi ƙirƙira. A watan Satumba 1929 mujallar QST ta buga bayanin Loren Windom a kan eriyar da ake ba wuta daga gefe maimakon tsakiya, wadda har yau ake kira da sunansa. A 1946 Louis Varney, Baturen Ingila mai lamba G5RV, ya tsara wata mai tsawon mita 31 da za ta shiga filin gidansa ta kuma yi masa aiki a zanguna da yawa, ita ma da lambarsa aka san ta. A Japan kuwa, a 1926, Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi na Jami'ar Tohoku sun gano cewa idan aka jera sandunan ƙarfe a gaba da bayan eriya mai hannu biyu, takan tattara ƙarfinta wuri guda. Ita ce eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da muka gani a kan rufin gidajen masu talabijin, wadda maƙeranmu na birni suka ƙware wajen ƙerawa da sandunan alminiyam.

Kebul Mai Sulke

Eriya tana sama, na'ura tana ɗaki, dole a sami abin da zai kai wuta daga nan zuwa can ba tare da ta zube a hanya ba. Mutanen farko sun yi amfani da wayoyi biyu a jere, an raba su da 'yan guntayen itace da aka dafa a cikin kakin kyandir don kada su sha ruwa, abin ya yi kama da tsani. Wannan tsani ba ya asarar wuta sosai, amma ba ya son kusantar bango ko ƙarfe, kuma shigar da shi ɗaki aiki ne.

Maganin wannan shi ne kebul ɗin da a kasuwa muke kira wayar eriya ko wayar dish. Duk wanda ya fere shi zai ga abu huɗu: zuciya ta jan ƙarfe a tsakiya, farar roba da ta lulluɓe ta, saƙar siraran wayoyi da ta kewaye robar kamar sulken mahayin doki a hawan Sallah, sai baƙar riga a waje. Sulken nan shi ke tsare ƙarfin rediyo a ciki, ya kuma hana hayaniyar waje shiga. Heaviside ɗin nan da muka ambata shi ya fara yi wa dabarar rajista a Ingila a 1880. Lloyd Espenschied da Herman Affel na kamfanin tarho na Amurka suka fitar da tsarinsa na zamani a 1929. Farar robar kuwa, a 1933 aka gano ta a ɗakin gwajin kamfanin ICI a Ingila, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu ta zama abin sirri domin da ita ake naɗe wayoyin na'urar hango jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare a 1945, rarar kebul ɗin soja ta cika kasuwa da araha, sai 'yan sha'awa da yawa suka ajiye tsani suka rungumi mai sulke.

Dacewar ta zo daidai. Kowace eriya da kowane kebul suna da wani awo na yadda suke karɓar wuta, wanda ake ƙirgawa da om. Eriya mai hannu biyu tana da kimanin om 73 idan ta yi nisa da ƙasa, takan kuma ragu idan aka sauko da ita. Kebul mai sulke kuwa iri biyu ya fi yawa, mai om 50 na na'urorin aikawa, da mai om 75 na talabijin. Saboda haka haɗin ba wuya: zuciya ta kama hannu ɗaya, sulke ya kama ɗayan, a like da dalma, a ɗaure su a jikin guntun bututun roba, a sa wani guntun a kowane ƙarshe kafin igiyar da za ta kai bishiya. Da yawa sukan naɗe kebul ɗin 'yan zagaye kusa da mahaɗar, kamar gammo, don hana wuta biyo bayan sulke ta dawo ɗaki.

Daga baya ma sai suka ga kebul ɗin kansa yana iya zama eriya. Idan aka fere baƙar rigar, aka juya sulken baya ya rufe jikin kebul kamar an naɗe hannun riga, zuciyar da ta rage a tsaye ta zama hannu ɗaya, sulken da aka juya ya zama na biyu. Ga zangon mita 2 na 'yan sha'awa, a kan megahaz 145, kowane ɓangare kimanin santimita 49 ne. Ga mai son kama tashoshin FM daga nesa kuwa, kimanin santimita 73 ya isa. Abin lura shi ne, yawancin wayar dish ta kasuwa sulkenta na alminiyam ne, ba ya kama dalma, sai dai a matse shi da ƙusa mai zare. Babban abokin gabar kebul kuma ruwa ne, domin idan ya shiga ta baki yakan bi sulken ya ɓata shi, don haka dole a toshe bakin da kyau kafin damina.

Inda Tarihin Ya Iso Gida

Abin mamaki, rediyo ta waya ya fara shigowa ƙasarmu. A zamanin Turawa, hukuma ce ke kama shirye-shirye a tasha guda, sannan ta rarraba su ta waya zuwa akwatunan lasifika a gidajen masu biya da wuraren taruwar jama'a. Irin wannan tsari ya iso Kano a 1944. Mai akwati ba shi da zaɓi, abin da aka turo shi zai ji. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirin Hausa, a 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A daidai wannan zamani ƙaramin rediyo mai batir ya yawaita, ya kai ƙauyukan da wayar hukuma ba ta taɓa zuwa ba.

Daga nan ne wayar kan darbejiya ta samo asali. Wanda ya ɗaga ta ya sami abin da mai akwatin lasifika bai samu ba, wato ikon zaɓen wanda zai saurara, da damar gwada labarin wannan tasha da na waccan. Mun ga yadda ake warware wayar tsohuwar fanka ko ta injin da ya ƙone, a kankare bakinta da reza, a naɗa. Mun ga masu gyaran rediyo a kasuwar garinmu, waɗanda yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba, suna gane cutar akwati da kunne da ɗan yatsa. Daga manyan akwatunan National da Philips har zuwa ƙananan Kchibo na baya-bayan nan, wayar ba ta canza ba.

Ta fuskar aikawa kuwa, rabonmu bai yi yawa ba. A zamanin mulkin mallaka lambar Nijeriya ZD2 ce, kuma galibin masu riƙe da ita Turawa ne ma'aikata. Bayan samun 'yanci aka koma 5N, aka kuma kafa ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NARS. Duk da haka harkar ba ta yi saiwa a garuruwanmu ba. Mun zama al'ummar da ta shahara a duniya wajen sauraron gajeren zango, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka koyi awon da ke mayar da mai ji ya zama mai magana. Da wayar salula ta shigo a 2001, hatta wayar kan bishiyar ma sai ta fara ɓacewa.

Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wani zai ce, me ya rage wa guntun waya a zamanin intanet? Ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa tsibiran Andaman na Indiya, hanyoyin tarho sun lalace. Wata tawagar 'yan rediyon sha'awa ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Bharathi Prasad, waɗanda suka je can don sha'awarsu kawai, su suka koma isar da saƙonnin hukuma da na iyalai zuwa babban yankin ƙasar. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan shiru. A watan Satumba 2021, saboda dalilan tsaro, an rufe layukan salula a Jihar Zamfara, daga bisani a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Waɗanda abin ya shafa daga cikinmu sun san zafin kwana da tashi a birni ba tare da jin muryar mahaifiya ba, su kuma na gida akwatin rediyo ne ya rage musu tagar jin abin da duniya ke ciki.

Ba muna cewa kowa ya je ya kafa tasha ba ne. Aikawa ba tare da lasisi ba laifi ne, balle a yankin da ke fama da matsalar tsaro, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk mai sha'awa ya bi ta hannun hukuma da ƙungiyar masu abin. Amma ilimin kansa ba laifi ba ne, kuma sauraron tashoshi ba ya bukatar jarrabawa ko lambar kira. Yana da kyau 'ya'yanmu su san cewa eriya mai hannu biyu ta mita 20, idan aka rataye ta ƙasa-ƙasa, takan harba ƙarfinta sama ya dawo ya rufe ɗaruruwan kilomita a kewaye, wato irin tazarar da ke tsakanin garinmu da biranen da muke zaune, babu turken kamfani ko ɗaya a tsakani.

Kammalawa

Akwai wata falala da gida ke da ita wadda birni ya hana mu. A gidajen hayarmu babu filin miƙe waya mita 20, ga kuma hayaniyar janareto da caja da ƙwayayen lantarki na zamani da ke cika gajeren zango da ƙara. A gida kuwa ga fili, ga dogayen itatuwa, ga iska mai tsabta. Abin da ɗan sha'awa a Landan ko Tokiyo ke mafarkin samu, mu mun baro shi a bayan gidan kakanninmu.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara, idan an tashi zuwa gida hutun Sallah, a saka ƙunshin waya, da 'yan mitoci na kebul mai sulke, da tef ɗin awo a cikin kaya. A tara yara, a nemi tsohon mai gyaran rediyo idan yana raye, a bar su su yi lissafin da kansu, su auna, su yanka, su ɗaga, su ji bambanci da kunnensu. A kiyaye abu biyu: kada waya ta kusanci layin wutar lantarki ko ta bi ta samansa ko ƙarƙashinsa, kuma da zarar hadari ya haɗo a cire ta daga jikin akwati a fitar da bakinta waje saboda tsawa. Yaron da ya raba 143 da megahaz, ya ga lissafinsa ya jawo murya daga wata nahiya, ba zai ƙara tambayar amfanin darasin kimiyya ba. Iyayenmu da suka sa mu hawa darbejiya sun yi nasu gwargwadon abin da suka sani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, mu kuma ya ba mu ikon ɗora awo a kan wayar da suka bar mana.